Wa Ya Kwashe wa Gwaggo Talatu Cututtuka?

Gwaggo Talatu ta Kambarawa ta daɗe da cututtukanta uku, kuma kowace da ɗan da ke kula da ita. Sanyin ƙashi na Sammani ne, yakan zo da man zafi. Amosanin gaɓɓai na Hauwa'u ne, takan zo ta yi mata tausa. Ciwon gwiwa kuwa Mudassir ke kawo masa farfesun ƙafar sa. Asibiti uku ta je, kowanne ya ba ciwon nata suna daban, shi ya sa gidanta bai rabuwa da 'ya'ya.

Sai ga sabon tsari, wai asibitocin ƙasar nan duka su riƙa kiran kowace cuta da suna guda. Da Gwaggo ta koma asibiti, Nas Sumayya ta duba kwamfuta ta ce, "Gwaggo, albishirinki, ashe duk cuta ɗaya ce."

Gwaggo ta buga sandarta a ƙasa. "Albishirin mi? Wa ya kwashe mini biyu? Yaran nan in suka ji ɗaya ce, kowa zai ce ɗan'uwansa ya je! A maido mini kayana, ko in kwana nan!"

"Ba ya yiwuwa, Gwaggo. Sunanta yanzu ostiyo-ataraitis."

Gwaggo ta karkato kunne. "Sake faɗi, a hankali."

Sumayya ta maimaita.

"To, wannan ai ya isa rabo," in ji Gwaggo, tana gyara mayafi. "Sammani ya ɗauki Ostiyo, Hauwa'u ta riƙe Atara. Itis ɗin nan da jin sa mugu ne, sai farfesu."