Wayar Maigida da Ƙofar Asibiti

Na yi watanni ina fita aiki da waya biyu a jaka, tawa da ta maigidana. Abokan aikina a gidan wanki da guga suka sa ni gaba da tsiya, wai na zama babbar 'yar kasuwa ban gaya musu ba. Ni kuwa 'yar aike ce kawai, wayar nake kaiwa yawo.

Maigidan direban tasi ne kafin shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi. Akwai wata taswira a waya da direbobi ke bi, mai muryar mace tana cewa yi dama, yi hagu. 'Yan sa-kai ne ke gyara ta, shi ma yana cikinsu. In ya dawo daga aiki, ko takalmi bai cire ba zai zauna ya sa wa layi suna, ya rufe hanyar da ruwa ya cinye, ya buɗe wadda aka gama gyarawa. Na sha yi masa gori cewa ya fi sanin ramukan titi a kan ramin da ke kujerar falonmu.

Dokarsu ita ce, inda wayarka ta bi a mota a 'yan watannin baya, nan kaɗai kake da izinin taɓawa. Wurin zai yi haske a taswirar, sauran gari ya zama toka-toka, sai dai kallo. Lokacin da yake tuƙi, garin nan duka nasa ne. Da ya kwanta, sai hasken ya fara janyewa unguwa-unguwa, kamar ruwan da aka zuba a siminti yana bushewa. Kullum da safe zan ɗora masa katako a cinya, in jingina wayar da kofin shayi, ya duba da hannun da ya rage masa.

"Kasuwar kayan gwari ta tafi," ya ce da ni wata rana, bakinsa a karkace. "Gobe tasha za ta bi ta."

Tausayinsa ya kama ni, shi ya sa na fara ɗaukar wayar. In na hau bas sai in kunna taswirar in jefa a jaka. Da yamma ya ga layin hanyar wurin aikina ya yi haske, ya yi 'yar dariya ta ɓari ɗaya, ya ce, "Sannu da aiki, kwandasta."

Amma ba hanyar gidan wanki ce ke ci masa rai ba. Ranar da ciwon ya same shi, maƙwabcinmu mai gyaran firji ne ya ɗauke mu a motarsa. Bai san babban asibiti ba, sai ya bi taswira. Muryar ta kai mu tsohuwar ƙofar gaggawa, ashe an toshe ta da bulo, an mayar da ƙofar can baya. Titin kuma ba a juyawa, sai da muka zagaye ta cikin cunkoson kasuwa, mutum na kwance a cinyata yawu na zuba. Likita bai taɓa cewa jinkirin ne ya cinye masa hannu da ƙafa ba. Maigida dai ya riƙe haka a ransa, ni ma ban taɓa yi masa musu ba.

"Maman yara, har yau can take kai mutane," ya ce. "Na duba. In na gyara wannan ƙofa ɗaya, su karɓe sauran duk."

Ranar hutuna na hau bas biyu zuwa asibitin, na zagaye shi a adaidaita har mai adaidaitar ya tambaye ni ko lafiya. Na dawo ƙafafuna a kumbure. Washegari wurin ya yi haske. Ya ce in gyara masa matashi, ya kai yatsa kan titin, sai wani ɗan hoton kwaɗo ya fito. An kulle titin. Titunan asibiti sai manyan masu gyara, shi kuma matsayinsa bai kai ba.

Mai kula da yankinmu a taswirar wani ne da ba mu taɓa gani ba, ni na sa masa suna Mai Makulli. Maigida ya rubuta masa da yatsa ɗaya, ya yi wuni guda a kan layi huɗu. Amsa ta zo cikin ladabi, wai a turo hoto. Na koma, na ɗauki bangon bulon, na ɗauki sabuwar ƙofa, mai gadi ya biyo ni da faɗa kamar na zo satar asibitin. Muka tura. Shiru, kamar an aiki bawa garinsu.

Da amsar ta zo, ba maganar ƙofar ta kawo ba. Mai Makulli ya ce ya duba tafiye-tafiyen wayar, ya ga tana tsayawa a kowace tashar bas, hanya ɗaya kullum. Doka ta ce mai izini ne zai yi tafiyar da kansa, ya ga hanya da idonsa, don an sha samun masu ba da aron waya suna ɓata taswira. Ya tambaya, shin kai ne ke tafiyar?

"Ka ce kai ne," na ce. "Zai leƙo ta cikin waya ya gan ka ne?"

"Ban taɓa sa abin da ban gani ba a taswirar nan."

"To ai ka gani! Wa ya fi ka ganin bangon nan?"

"Ba wannan ya tambaya ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce masa ƙafata ce ta kumbura, ba ta Mai Makulli ba, gaskiyar da za ta bar mutane suna karo da bango wace irin gaskiya ce. Ya jawo wayar gabansa. Ya rubuta cewa matarsa ce ke ɗaukar wayar, shi yana kwance.

Suka dakatar da izininsa. Mai Makulli ya yi masa fatan samun sauƙi, ya ce maganar ƙofa an sa ta a layi, za a duba in wani mai izini ya bi ta wurin. Ban ce mugu ne ba. Wataƙila shi ma wani ne da ke yin abin bayan ya taso daga aiki, yana bin abin da aka shimfiɗa masa. Amma ranar na zage shi a zuci, zagin da ban taɓa yi wa wanda na sani ba.

Garin duka ya koma toka-toka. Maigida ya daina cewa in kawo katako. Shayi ya riƙa hucewa a gefensa, ya juya fuska bango, 'yarmu in ta dawo makaranta ta yi ta ba shi labari yana cewa uhm. Na ci gaba da sa wayar a caji, ban san dalili ba.

Wata ranar hutu da hantsi ina shanya, 'yarmu ta ƙwalla mini kira. Na tarar da shi ya zame daga matashi, ido ɗaya a lumshe. Mai gyaran firji ya fito da gudu ko maɓallin riga bai ɓalla ba. Muna cicciɓarsa zuwa mota, sai ya damƙe mini zani da hannun mai lafiya. Bakinsa na motsi, na kara kunne.

"Waya," ya ce. "Kunna."

"Haba Baban yara, yanzu?"

Bai sake ni ba. Na ce wa 'yarmu ta miƙo ta, na kunna taswirar ina kuka ina masifa, na ɗora masa a ƙirji. Ya dafe ta da tafinsa.

Da muka kusa asibiti, muryar matar nan ta fito daga ƙarƙashin hannunsa, a natse, ta ce a yi hagu. Mai gyaran firji ya ce, "Allah ya kiyaye," ya miƙe gaba, ya shiga ta ƙofar baya. Wannan karon ba mu ɓata lokaci ba ko kaɗan. Aka shige da shi, aka miƙo mini wayar da agogonsa. Kafin rana ta faɗi likita ya fito, tun daga yadda yake tahowa na gane.

Bayan masu ta'aziyya sun watse, gida ya koma ni da yarinya, wata safiya wayar ta yi ƙara a kan caji. Mai Makulli ne ya rubuto wa maigida. Ya ce ya ga tafiyar ƙarshe, mota ta tashi daga gida ba tsayawa, ta wuce tsohuwar ƙofa, ta shiga ta baya. Ya ce ya fahimci wannan karon kai ne da kanka, ya haɗa da hotunan, ya gyara ƙofar, ya kuma mayar maka da izininka. Ya ce barka da dawowa, Allah ya ƙara lafiya.

Na zauna a bakin gado na karanta sau biyu. Ban ba shi amsa ba, ban san ta inda zan fara ba. Na buɗe taswirar, na rubuta sunan asibitin, muryar ta ce a miƙe gaba. Garin yana nan toka-toka, sai layi ɗaya mai haske daga ƙofar gidanmu zuwa ƙofar asibiti. Na bi shi da yatsa har ƙarshe, na nemi na dawowa, babu.