Raƙumi da Tsakuwar da Ta Tsayar da Shi

Alfahari da abin da bai kai a yi alfahari da shi ba, shi ne ciwon wani direban motar fasinja, kuma wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho. A tasha ba a kiransa da komai sai Raƙumi, domin idan ya ɗauki hanya tun safe, ba ya tsayawa sai ya kai garin da za shi. Dabararsa ɗaya ce: ba ya shan ruwa. A cewarsa, wanda bai zuba ba, ba ya neman wurin zubarwa. In ƙishi ya matsa masa, sai ya kurɓi lemon kwalba ya jiƙa maƙogwaro, ya jefa gasasshen nama mai gishiri a baki, ya ƙara taka mota. Fasinjan da fitsari ya matsa kuwa sai dai ya matse ƙafafu ya yi ta salati.

Kullum matarsa takan cika masa jarka da ruwan sanyi ta ajiye a bakin ƙofa. Shi kuma ya ɗauka don a zauna lafiya, in ya isa tasha ya buɗe gaban mota ya ɗura mata.

Wata safiya ta ce masa, "Baban yara, jiya na ji kana nishi a banɗaki. Ka kuwa duba fitsarin nan naka? In ya yi duhu kamar shayi, jiki ne ke roƙon ruwa."

"Ke yanzu har leƙen banɗaki kika koma? Baya ne kawai ya riƙe. Kujerar motar ce ta lotsa."

"To, jiki magayi."

Matar tana da ƙane, shi ma direba ne a wurin mai motocin da Raƙumi ke yi wa aiki. Shi Tulu ake ce masa, domin ba ka ganinsa ba gorar ruwa a hammata. Yakan tsaya a rabin hanya kowa ya sauka ya kama ruwa, ya miƙe ƙafa. Duk inda suka haɗu sai Raƙumi ya ɗaga murya.

"Ga Tulu sarkin yoyo! Yau bishiya nawa ka shayar a hanya?"

"Yaya, ni dai ina shayar da ƙodata. Kai taka fa, ko sadaka ba ta samu."

Ana nan sai mai motoci ya sayo sabuwar bas, fara sol, kujerunta da ledarsu, ga sanyi yana busowa daga sama. Ya ce shi da kansa zai shiga tafiyar farko, kuma direban da ya gamsu da shi a wannan tafiyar, makulli ya zama nasa. Raƙumi aka ba tuƙi, aka sa Tulu ya zauna gefe a matsayin direba na biyu. Tun da Raƙumi ya fara tuƙi yake mafarkin irin wannan mota, ga ta kuma ta zo har hannu. Don kada a samu kuskure, tun jajibirin tafiyar ya yi sallama da ruwa. Da safe matarsa ta miƙo kofi, ya kau da kai.

"Yau da maigida zan yi tafiya. So kike in tsaya gindin bishiya a gabansa kamar ƙaninki?"

Aka kama hanya. Mai motoci, dattijo mai furfura, yana zaune a bayan direba. Rana ta ɗaga, Raƙumi yana ta shimfiɗa gudu yana satar kallon dattijon ta madubi. Ya ga yana ta mutsu-mutsu a kujera, sai ya ɗauka daɗin motar ne ke ratsa shi.

Sun wuce rabin hanya ke nan wani abu ya soki Raƙumi a kwiɓi, kamar an luma masa kibiya. Ya cije. Ciwon ya gangaro mara, gumi ya keto masa duk da sanyin motar, amai ya taso. Ya yi ƙoƙarin gyara zama, ina! Babu zaman da ya karɓe shi. Da ya ga titi ya fara rabuwa biyu a idonsa, sai ya tuna rayukan da ke bayansa, ya gangara gefe ya taka birki. Ya buɗe ƙofa ya faɗo ƙasa yana birgima yana kiran uwarsa, mutumin da ya aurar da 'ya.

Tulu ya duro ya tallafe shi. "Yaya, lafiya? Ko Raƙumin ne ya durƙusa?"

"Ka bar ni in mutu, ɗan banza, amma kada ka taɓa min mota!"

Aka cicciɓe shi aka kwantar a kujerar baya, Tulu ya karɓi tuƙi zuwa asibiti mafi kusa. Can aka yi wa Raƙumi allurar kashe zafi, aka ɗauki hoton cikinsa. Likitar, mace ce mai fara'a, ta nuna masa wani ɗigo a hoton.

"Baba, tsakuwa ce ta taso daga ƙoda ta maƙale a hanyar fitsari. Ƙarama ce, da magani da ruwa mai yawa za ta fita."

"Tsakuwa? 'Yata, ni ban taɓa cin ƙasa ba."

"Ba ci ka yi ba, ginawa ka yi. In ruwa ya yi ƙaranci, fitsari sai ya yi kauri, gishirin da ke ciki ya dunƙule. Daga yau ruwa za ka riƙa sha har fitsarinka ya yi haske. A rage gishiri, a rage nama, lemon kwalba a bar shi. In ka samu lemon tsami ka matsa a ruwa. Wanda ya yi tsakuwa sau ɗaya, in bai kiyaye ba tana dawowa."

Da tsakuwar ta fito kuwa, bayan ya sha azabar da bai taɓa sha ba, sai ga ta ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Ya daɗe yana kallonta. Ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.

Yana kwance a gida, matarsa ta girke masa jarka a gefen gado, sai ga mai motoci ya zo dubiya, Tulu na biye da shi. Raƙumi ya yunƙura ya zauna.

"Ranka ya daɗe, na warke sarai. Gobe ma sai in ɗauki sabuwar."

Dattijon ya gyara murya. "Sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Amma bari in gaya maka gaskiya. Ranar nan, tun kafin mu bar gari fitsari ya matse ni, kunya ta hana ni magana. Da ba ka faɗi ba, da ni na faɗi. Ashe haka kake gana wa mutane azaba a motata? Tulun nan kuwa bayan mun baro ka, ya tsaya kowa ya sarara, muka isa lafiya. Na ba shi makulli."

Tulu ya sunkuyar da kai, wai shi mai kunya, makullin kuwa yana ta kaɗa shi a yatsa. "Yaya, in ka ji sauƙi ka zo in ɗana ka. Ina tsayawa a hanya, kada ka damu."

Garin neman gira aka rasa ido. Sabuwar mota ta tafi hannun ƙanin matarsa. Raƙumi ya koma kan tsohuwarsa mai lotsattsiyar kujera. Gasasshen nama ya zama sai ɗanɗane, kwalbar gishiri ta koma cikin akwatin uwargida. Bakin tsokana ya mutu. Yanzu a duk tashar babu direban da ya kai shi yawan tsayawa a hanya.