Jirgin da Haliru Ya Ɗaure

Tun ranar da labari ya zo cewa an kashe Haliru a wajen tafkin Chadi, ƙanwata Riskuwa ta hana a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidanta. Mutane suka taso daga Sharabi da Bahindi, har da danginmu na ƙetaren iyaka, cikin Benin, suka zo gaisuwa. Ta ba su ruwa suka sha, ta ce su koma, ita ba a yi mata mutuwa ba.

Hujjarta ɗaya ce. An ce sojan da ya mutu ya shiga inda ake ɓarin wuta ya kwaso 'yan'uwansa da aka harba. Ita kuwa ɗanta tsoron tsawa yake yi. Gaskiya ta faɗa. Har ya fara gemu, in hadari ya taso daga gabas sai ka same shi bayan rumbu ya toshe kunnuwa. Na daɗe ina mamakin abin. Yaron da ke kama minjirya, kifin nan mai lantarki, da hannu, tana girgiza shi yana dariya, amma tsawa ta sa shi makyarkyata.

“Yaya, kure sunka yi,” in ji ta. “Gawa ba mu gani ba, kayan soja kuwa duk iri guda ne. Ɗan wata anka rufe.”

Mu masunta ne. Uban Haliru, marigayi Usuman, yana da doka a gidansa: ba mai sa hannu a tuwo sai an ɗaure jirgi a turke. In ya gama ɗauri kuma sai ya bubbuga goshin jirgin da tafin hannu, kamar mai lallashin jaki. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce shi ma haka ya ga ubansa yana yi.

Bayan damina sojoji suka zo daga Bagudo domin karrama Haliru. Aka kafa rumfa a bakin gulbi, kusa da inda jiragenmu suke. Wani hafsa ya yi jawabi da Turanci, aka mayar mana da Hausa. Aka busa ƙaho, wata balbela da ke kan turke ta tashi, ta zagaya, ta dawo ta sauka daidai inda take. Sannan hafsan ya miƙo tuta a ninke, da lambar yabo a cikin ɗan akwati. Faɗinta bai wuce murfin gwangwanin madara ba.

Riskuwa ba ta fito da hannunta daga mayafi ba.

“Ɗana, wanda anka ba wannan, ka kai ma uwatai,” ta ce wa hafsan. “Ni nawa matsoraci ne.”

Kowa ya sunkuyar da kai. Sai wani soja ya fito daga baya yana dogara sanda, ya durƙusa gabanta da ƙyar, ƙafa ɗaya a miƙe.

“Inna, sunana Sajan Mansur. Ina cikin waɗanda ya kwaso.”

“Allah shi ba ka lafiya.”

“Amin. Tsoro kam yana ji, Inna. Auduga yake cusawa a kunne, muna yi masa tsiya, muna ce masa Kurma.”

“Matsorata da yawa a duniya,” in ji ta.

Sajan ya gyara zama. Ya ce an ritsa su a wani tsibiri, ruwa a bayansu. Suka ga jirgin wani masunci a cikin ciyawa, amma duk cikinsu ba wanda ya iya tuƙi sai Kurma. Ya loda masu rauni, ya miƙe tsaye da gora, ana ce masa ya kwanta, yana cewa ba a tuƙa jirgi a kwance. Ya kai, ya dawo, ya sake kaiwa, har bai bar kowa ba.

“Mun tsira, Inna. Muna bayan tudu, shi ma yana tare da mu, ko ƙwarzane babu a jikinsa. Sai ya waiwaya ya ga jirgin ya fara bin ruwa. Na riƙe masa wando, na ce kai Kurma, ka haukace? Ya ce, ‘Jirgin mutane ne, Sajan. Gidanmu ba a barin jirgi sake.’ Ya fizge ya gangara. Ya kafa gorar a laka, ya ɗaure.”

Ya murza sandarsa.

“Abin da har yau ban gane ba, da ya gama bai rugo ba. Ya tsaya ya bubbuga goshin jirgin da hannu. A nan abokan gaba suka same shi.”

Ban iya kallon ƙanwata ba. Na kalli gulbi. Jiragenmu na jere, kowane a turkensa, suna ɗaga kai suna saukewa kamar masu amsa gaisuwa.

Ta daɗe ba ta motsa ba. Can ta fito da hannuwanta biyu, hafsan ya ɗora mata tutar da akwatin. Ba ta buɗe ba. Ta dubi Sajan.

“Igiyar ta riƙe?”

“Ta riƙe, Inna. Da muka koma ɗauko shi, jirgin na nan.”

Ta gyaɗa kai. Sannan ta juyo gare ni, muryarta ƙasa-ƙasa.

“Yaya, a fito da tabarmi. A aika Sharabi da Bahindi, a ce su dawo.”