Huffin Jalo

A duk garin Yola ban san wanda ya kai ƙanena Jalo son huffi ba. Ko a watan da kwalta ke narkewa a Jimeta, in lokacin salla ya yi sai ya tuɓe manyan takalmansa na aiki, ƙafafun su fito cikin baƙin huffi na fata, ya jiƙa hannu ya shafa a kai, shi ke nan. Mu muna fama da dirzar dugadugai, shi har ya ta da kabbara. Shekara huɗu ina yi masa tsiya a kan wannan. Ni na laƙa masa Modibbo, wato babban malami, nakan kuma tambaye shi ko a bakin daga ya sauke littafin da ya hana ƙafa shan iska. Sai ya yi murmushi ya ce, "Hamma Nuru, ka bar ni dai." Hamma, wato yaya, haka yake kirana.

A lokacin, shekarar 1974, ni ne shugaban masu gadin daji a ofishinmu na Jimeta, Maiduguri ke ba mu umarni. Da Jalo ya dawo daga yaƙi ni na nema masa aikin, ni na sa hannu cewa lafiyarsa ƙalau in ban da ɗan ɗingishi, wanda ya ce harsashi ne ya gogi gwiwarsa. Dokar aikinmu kuwa ba ta da wasa: duk wanda ƙafarsa ta gaza, gida zai koma. Jalo bai taɓa gazawa ba. Don haka, kuma don kada a ce ina fifita ɗan'uwana, duk sintirin da ya fi nisa shi nake turawa.

Daminar nan dorinai suka sa gonakin Vinikilang a gaba. Su fito daga kogin Binuwai bayan duhu ya yi, su kwashe masara da shinkafa, kafin asuba sun koma ruwa. Kullum manoma suna bakin ofis suna zaginmu, kuma da gaskiyarsu. Mu kuwa tocila ce kawai idonmu, ga ciyawa ta fi mutum tsawo. Da wani cikinmu ya harbe jakin mai unguwa yana zaton dorina ce, sai Maiduguri ta ga abin ya isa. Aka turo na'urori biyu na gani cikin duhu, tare da wani ma'aikaci mai suna Eli, mutumin Numan, wanda ya koyi aikinsu. Ogan ofishinmu, Malam Nata'ala, ya ce guda kawai za a bar mana, kuma ni zan zaɓa tunda ni da yarana za mu yi dakonta.

Da safe aka yi gwajin, bayan ruwa ya kwana yana zuba, gari ya yi sanyi. Muka toshe tagogin sito da buhuna har ba ka ganin hannunka. Na sa mutum uku su tsaya can jikin bango: Bawa, Ɗan'auta da Jalo.

Eli ya fara miƙo mini ta farko, wata 'yar doguwa kamar gorar ruwa, da madaurin ratayawa. "Oga, wannan ba ya yin haske na kansa," in ji shi. "Ɗan hasken wata ko na tauraro da idonka ya raina, shi yake tarawa, ya ninka, ya ba ka. In babu haske ko kaɗan, makaho ne kamar ka. In kuma ka nuna masa fitilar mota, ka kashe shi."

Na ɗora ido. Ɗan hasken da ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa ya ishe ta. Ga su nan su uku, kore shar, har ina ganin Ɗan'auta yana sosa hanci yana zaton ba mai ganinsa. Na daka masa tsawa, ya zabura, kowa ya fashe da dariya.

Ta biyun kuwa kaya ce guda. Akwati a kan ƙafafu uku, da waya zuwa wani akwatin mai ɗan allon gilashi. Eli ya tsiyaya mata wani ruwa daga kwalba, ruwan yana hayaƙi don tsananin sanyi. "Wannan ba ruwansa da haske," ya ce. "Zafi yake gani. Duk abu mai jini yana fid da zafi, kamar tukunya da aka sauke daga murhu. Mai zafi zai fito fari, mai sanyi baƙi. Amma sai an sanyaya idonsa da ruwan nan."

Ya dafa bango da tafinsa, ya ɗauke. Wallahi sai ga shatin hannunsa fari fat a allon, yatsu biyar, alhali hannun yana aljihunsa. Na yi salati da ƙarfi. A raina na riga na gama zaɓe, don dorina ko ta shige ciyawa ba ta iya ɓoye zafin jikinta. Ana cikin haka masinja ya ƙwanƙwasa, wai Maiduguri na kan waya. Malam Nata'ala ya fita yana cewa kada a kashe, yanzu zai dawo.

Eli ya juya akwatin wajen mutanena. Ba fuska, sai fararen siffofi uku a tsaye. Na bi su da ido daga kai zuwa ƙasa, na sake bi. Mutum uku, ƙafa biyar.

"Na'urarka ta lalace," na ce.

Ya murɗa wani abu, ya sake murɗawa. Na ƙarshen, wanda ke tsaye inda na tsai da Jalo, ƙafarsa ta hagu ta sauko fara har ƙasan gwiwa kaɗan, daga nan babu komai, baƙi wuluk har ƙasa. Daidai inda ta yanke kuwa ya fi ko'ina haske a duk allon.

Eli ya rage murya. "Oga, inji ba ya ƙarya. Itace ba shi da jini. Wurin da ya yi fari sosai ɗin nan kuma, ciwo ne, ya kumbura."

Na sake duban allon. Jiya-jiyan nan na tura shi daga bakin kogi har bayan Girei a ƙasa, cikin taɓo, ya dawo ya sara mini ya ce komai lafiya. Na dafa akwatin. Sai na ji takun Malam Nata'ala a baranda, yana cewa, "To, bari in ga yaran nan nawa."

Ban san sa'ad da na sa ƙafa na fizge wayar daga bango ba. Allon ya mutu. Na hau masifa, na ce wace irin jaraba ce wannan da waya ke harɗe mutum a duhu. Eli ya dube ni, ya ce sai ta huce kafin a sake kunnawa, kuma ruwan sanyin ya kusa ƙarewa. Har yau ban san ko gaskiya ya faɗa ba, ban kuma tambaye shi ba.

Malam Nata'ala ya ce to wacce na zaɓa. Na ce ta farko. Na ce ta biyun sai ƙarti biyu sun ɗauka, tana son lantarki, ruwanta daga nesa ake kawowa, kuma ba ta nuna fuska balle ka bambanta ɓarawo da mai gona. A kwale-kwale muke haye Binuwai, ina za mu kai wannan kaya? Duk abin da na faɗa gaskiya ne, amma ba shi ne dalilina ba. Oga ya gyaɗa kai, Eli ya rubuta.

Da azahar na kori sauran su tafi masallaci, na tare Jalo a bayan sito yana zaune da buta.

"Cire," na ce.

"Me zan cire, Hamma?"

"Kada ka mai da ni sakarai. Na hagu."

Ya ajiye butar. Sannan ya naɗe wando, ya kwance maɗauran fata guda biyu, ya zare ƙafar gaba ɗaya da huffinta ya jingine ta a bango. Dungulmin yana naɗe da tsumma, tsumman ya manne da jini. Na juya kai, hawaye suka zo mini, haushi kuma ya taso ya danne su.

"Shekara huɗu! Uwa ɗaya uba ɗaya! Wa ya sani?"

"Asta kaɗai. Ita ke wanke mini."

"Matarka ta sani, ni da na goye ka ban sani ba? Na tura ka Girei, na tura ka Song, ka buɗe baki ka ce mini a'a mana! Me na yi maka?"

Ya ɗauki buta ya zuba ruwa a tafinsa, bai yi komai da shi ba har ya tsiyaye.

"Ran da ka tarye ni a tashar Jimeta," ya ce, "akwai soja biyu a bakin ƙofa da sanduna, suna roƙo. Ka rungume ni, ka nuna su, ka ce, Alhamdu lillahi ka dawo da ƙafafunka, da ka dawo mini haka gara a kawo gawarka. Ranar kwanana tara da fara taka wannan."

Na nemi maganar a kaina na rasa. Ban tuna ba sam. Amma muryata ce, irin maganata ce, babu wanda zai faɗe ta sai ni. Na durƙusa a gabansa a cikin taɓo.

"Za ka gaya wa Oga?" ya ce.

"Ɗaura abinka," na ce. "An ta da salla."

A ranar na sake jadawalin aiki. Na rubuta cewa Jalo ne mai riƙe na'ura, tunda shi ya san kayan soja, mai riƙe na'ura kuwa a kwale-kwale yake zama, ba ya sauka. Na san za a ce na fifita ɗan'uwana. Su ce.

Washegari muna alwala gaba ɗaya a gindin dalbejiya, Jalo ya jiƙa hannu ya shafa huffinsa, dama sannan hagu. Bawa ya kwashe da dariya ya ce, "Modibbo, yau ma ƙafar ba za ta sha iska ba?" Har da yadda nake jan muryar ya kwaikwaya. Sauran suka juyo suna jira in ƙara nawa kamar kullum. Na ɗaga buta zan jefe shi, sai na tuna a bakina ya koya.