Tolek ɗin Baba

Tun da ciwo ya kwantar da Baba a ɗakin kwano, barci ya ƙaurace masa. Zafi ya gasa shi da rana, kwano ya yi ta ƙara in iska ta taso daga kogin Logon. Wata safiya na kai masa kunun jar dawa, ya ture ƙwaryar.

"Amsiya, a tolek aka haife ni. Ku gina mini ko ɗan ƙarami ne kafin ruwa ya sauka. Ba zan kai wata damina a tanderun nan ba."

A duk garinmu Murla masu iya ginin tolek sun yi ƙaranci, ni ma a hannun gwaggona na koya. Ɗaki ne mai tsini kamar an kifa ƙwai, babu azara babu ginshiƙi, laka ce zalla da ciyawa. Gindi da kauri, sama siriri. Kowane sahu yakan ɗan sunkuyo ciki ya kwanta a kan na ƙasansa, nauyi ya bi bango har ƙasa. Amma sai sahu ya bushe ya iya ɗaukar ƙafar mutum sannan a ɗora masa wani.

Ƙanena Wandi ya ajiye komarsa ya zo taya ni. Masunci ne, ƙarfi kamar ingarma, haƙuri kuwa ko na anini babu. Gini ya wuce tsayin mutum, na tafi garin Pus nemo wa Baba magani na kwana can. Da na dawo sai na tarar da shi yana washe baki, gini ya kusa rufewa.

Na zagaya ta gabas, gabana ya faɗi. Bango ya yi tumbi a kafaɗa.

"Wandi, ɗanye ka ɗora kan ɗanye?"

"Haba Yaya! Dubi sama mana, hadari har ya fara haɗuwa. Ɗan tumbin nan a shafe shi da laka, shi ke nan."

"A shafe? Nauyin da ke samansa fa, waje yake tura shi. Ranar da ya sha ruwa zai buɗe, uban wa ke kwance a ciki?"

"Wallahi in kika rushe ba za mu gama ba."

Raina ya ɓaci, don na san yana iya yin gaskiya. Na hau da fartanya ina hawaye, na rushe har inda tumbin ya fara. Wandi ya yi fushi ya tafi kogi. Washegari sai ga shi ya dawo yana kwaɓa laka.

Muka sake hawa a hankali. Kullum sai na taka sahun jiya na ji ya tsaya, sannan in karɓi laka. Baba kuwa kullum ƙara ramewa yake, murya ta koma ciki. Maƙwabta suka fara cewa taurin kaina zai hana tsoho burinsa. Na toshe kunne.

Ranar da muka ɗora sahun ƙarshe da hantsi, la'asar na yi gabas ta yi baƙi ƙirin. Baba ya ce a ɗauke shi yanzu-yanzu. Wandi ya sungume shi ya shigar, ga ƙofar hayaƙi a can ƙoli ba a rufe ba, ga yayyafi ya fara.

Na goya murfin kaba na kama matakalan lakar da muka yi a jikin bango. Iska na fizgar zanena, ƙafata na santsi. Duk takun da na yi ina jiran in ji laka ta motsa. Ba ta motsa ba. Na kai ƙoli na kwanta a kai da duk nauyina, na leƙa.

Baba na kwance a tabarma, ruwa na ɗiga masa a fuska, yana bin bango da ido yana dariya.

"Rufe mana, 'yar nan," in ji shi. "Barci nake ji."