Ruwan da Ke Yi wa Baba Cakulkuli

Baba ne ya fara faɗa, kuma cikin dariya ya faɗa. Ya hawo tsanin jirgin ruwanmu jikinsa na ɗigar ruwa, ya karɓi tawul daga hannuna, ya ce, "Lina, ruwan nan kwana biyu cakulkuli yake yi mini."

"Wane irin cakulkuli kuma, Baba? Ƙananan kifi ne ke caccakar ka."

"Ni za ki koya wa kifi? Wannan daban ne. Da na matsa kusa da jirgin Lauya sai in ji zirr, tun daga tafin ƙafa har ƙugu. Kin san gwiwar nan ta sake ni?" Ya lanƙwasa ƙafar ya miƙe ta, yana washe baki.

Babana, Cipriano Norales, masuncin teku ne, a garin Livingston na bakin teku aka haife shi, a can ya tsufa. Da mahaifiyata ta rasu na ɗauko shi na dawo da shi wurina a cikin kogin Dulce, inda nake zaune a wani tsohon jirgi da ba ya zuwa ko'ina, ɗaure a can ƙarshen gadar katako ta matsayar jirage. Miyar kifi da kwakwa nake dafawa ina sayar wa masu jirage. Baba ya bar komai na teku, amma ban da wanka. Safe da la'asar sai ya shiga ruwa, ko da kuwa zazzaɓi yake yi. A rayuwata sau ɗaya ya taɓa mari na, ina ƙarama, don ƙanena yana cikin ruwa na juya ina kallon wani kare. Ranar ya riƙe kunnena ya ce muddin mutum na cikin ruwa, idona ya tsaya a kansa, kada in kuskura ya ga ƙeyata.

Shi kuwa Lauya, maƙwabcinmu, sunansa Don Fausto Samayoa. Daga babban birni yake zuwa ƙarshen mako, jirginsa fari ƙato mai hawa biyu, da firiza da na'urar sanyaya ɗaki da lasifikoki irin na gidan biki. Soket ɗin da ke gaban jirginsa bai ishe shi ba, sai ya jawo wata doguwar jar waya tun daga turken wuta na bakin gaɓa, ya shimfiɗo ta a kan katako har ƙarshe. A tsakiya an yi mata haɗi da baƙin salatif. Wannan haɗin, tsakanin jirginsa da namu, shi ne ke zamewa ya reto ƙasa yana lasar ruwa. Kowa ya yi tuntuɓe da wayar nan. Ni kaina na taɓa kifar da tukunyar miya guda saboda ita, yana zaune yana kallo, ko sannu.

Maganar cakulkulin nan a kunnen Zoila aka yi ta. Bazawara ce da ke zaune a jirgin da ke fuskantar namu, tana shanya a lokacin. Sai na ga ta saki rigar da ke hannunta ta faɗa ruwa, ba ta ko bi ta da kallo ba. Ta tsallako wurinmu ba takalmi.

"Baba Cipriano, me ka ce? Maimaita."

Ya maimaita, har da ƙari, wai zai kira tsofaffin unguwa su zo su sha magani kyauta.

Zoila ba ta yi dariya ba. Ta zauna a kan bokiti ta ce, "Yayyena biyu haka suka tafi, a wata gada can bakin tafki. Babban ya shiga wanke ƙasan jirgi, wuta ta kama shi. Bai yi ihu ba, Lina. Ba sa ihu. Sandarewa suke yi ido a buɗe, su nutse a tsaye. Ƙaramin ya gani ya yi tsalle ya bi shi. Tare aka ciro su."

Baba ya yi tsaki. "Haba 'yar nan. Waya nawa ta faɗa ruwa a gabana a Livingston? Ba ga ni ba?"

"Can ruwan gishiri ne, Baba. Wutar bin gishirin take yi ta wuce ka. Nan ruwan daɗi ne, ba ta da abin bi sai jikinka." Ta juyo ta kama hannuna, yatsunta sanyi ƙalau. "In kin ga haka ta faru, kada ki shiga. Ko waye. Ki je ki kashe wutar."

Tun daga ranar ban ƙara kallon kogin nan yadda na saba ba.

Ranar Asabar da Lauya ya iso na same shi a saman jirginsa, ƙafa ɗaya kan ɗaya, kofi a hannu. Na gaishe shi da ladabi, don ni ma an yi mini tarbiyya. Na ce, "Ranka ya daɗe, wayarka tana zubar da wuta a ruwa. Babana yana jin ta a jikinsa."

Ya zare tabarau ya dube ni sama da ƙasa. "Ke ce mai miya, ko? Yanzu kuma kin koma mai gyaran wuta?"

"Ban koma ba. Amma ai akwai masu gyaran, a kira ɗaya."

"Ki ce wa tsohon ya yi wanka a banɗaki kamar kowa. Nan wurin ajiye jirage ne." Ya mayar da tabaransa. Abokansa suka bushe da dariya, ɗaya har yana cewa in kawo musu kwano huɗu.

Na je wurin mai kula da matsayar. Ya saurare ni yana sosa wuya, ya ce za a duba, amma in yi haƙuri, Lauya babban mutum ne. Ni kuwa haƙurina gajere ne, kowa ya sani. Lauya na juya baya ran Litinin na je na fizge fulogin daga turke. Kwana biyu Baba ya yi wanka ya fito yana mita wai an ɗauke masa magani. Da Lauya ya dawo ya tarar naman da ke firizarsa ya ruɓe, gadar nan kaf ta ji muryarsa. Ya kira ni ɓarauniya, ya kira ni mahaukaciya, na rama abin da zan iya. Kafin yamma ya sa an ƙera wa turken akwatin ƙarfe, an datse shi da kwaɗo, ya jefa makullin a aljihu yana kallona.

Daga nan abin ya ƙara lalacewa. Da safe sai in ga ƙananan kifi sun yi rigingine tsakanin jiragenmu, fararen cikinsu a sama. Wata rana na dafa tsanin ƙarfe da jiƙaƙƙen hannu, na ji ta cije ni har gwiwar hannu. Agwagwar da ke zuwa cin ɓawon abinci ta daina ratsowa ta nan, sai ta yi dogon zagaye. Dabba ma ta gane.

Na durƙusa a gaban Baba na riƙe ƙafafunsa. Na ce ya rantse mini da kabarin mahaifiyata ba zai ƙara shiga ba sai an gyara. Ya daɗe yana kallon ruwa kafin ya ce ya rantse. Na koma ɗebo masa ruwa a bokiti daga famfo, yana watsawa yana ƙunƙuni, wai an mayar da shi jariri. Duk da haka hankalina bai kwanta ba. Ko kasuwa na je, ina cikin taya kifi sai gabana ya faɗi, in bar cinikin in dawo da gudu in tarar da shi yana gyaran koma.

Sai ga bikin 'yar Lauya, ta cika shekara goma sha biyar. Mako guda ana ruwan sama, kogi ya cika ya kusa taɓa katako. Da safiyar ranar na fito ban ga jar wayar a kan gada ba. Wallahi har na ji daɗi, na ce ashe mutumin nan yana da kunne. Zoila ce ta ja ni ta nuna mini ta tsakanin katako. Ba cire ta ya yi ba. Don kada matan birni masu dogon takalmi su yi tuntuɓe, ya sa an zura ta ta ƙarƙashin gada, tun daga turke har jirginsa. Rabinta a cikin ruwa take.

Zuwa la'asar gadar ta cika maƙil. An kunna fitilu masu launi, an kunna lasifika, an kawo ƙarin firji na lemo, duk a kan wayar nan guda. Ni ina bakin jirginmu ina fasa kwakwa da addar Baba, shi kuma yana zaune a gefena yana kaɗa kai da kiɗan.

Iska ta taso ta fizge hular yarinyar, wata faffaɗa mai furanni, ta jefa ta ruwa a tsakanin jiragenmu. Yarinyar ta yi ƙara. Matar Lauya ta leƙo ta hango Baba.

"Tsoho! Kai tsoho! An ce kifi ne kai, ɗauko mana mana!"

Jama'a suka ɗauka da tafi: "Tsoho! Tsoho!"

Na ce, "Baba, ai ka riga ka rantse." Ban ma rufe baki ba. Mutumin da ya yi wata guda yana wanka a bokiti, yau ga taron mutane suna kiran sa. Na kai hannu na damƙi rigarsa, rigar ce kawai ta rage a hannuna.

Ya yi iyo kyakkyawa, hannu biyu, uku, ya cafke hular ya ɗaga sama. Aka yi shewa. Sai hannun ya tsaya a sama bai sauko ba. Yatsunsa suka dunƙule a kan hular, wuyansa ya miƙe, bakinsa a buɗe ba sauti. Idanunsa suka nemo ni suka tsaya a kaina. Ruwa ya kai masa haɓa. Mutane na ta tafi, sun ɗauka wasa yake.

Ƙafata ɗaya ta riga ta hau bakin jirgi. Duk jikina ruwan yake so. Sai na ji muryar Zoila ta keta kiɗan: "Lina! Turke! Kada kowa ya shiga!"

Ina kallon cikin idon babana na juya masa baya.

Ban san gadar nan tana da tsawo haka ba. Na ture wata mata ta faɗa kan teburin kek, na bangaje mai ɗaukar hoto, ina ihu a ba ni hanya, adda a hannuna. Mata suka watse suna kururuwa, wani ya yi ƙoƙarin riƙe ni na kai masa gwiwar hannu a baki. A raina ba abin da nake gani sai ruwa yana hawa fuskar Baba, daga haɓa zuwa hanci, ni kuma ina ƙara nisa da shi.

Akwatin yana nan da kwaɗonsa. Jar wayar ta fito ta ƙasansa, taƙi ɗaya ne a fili kafin ta shige ƙarƙashin katako. Na riƙe ƙotar addar da hannu biyu na sara. Wuta ta yi tartsatsi ta watso mini a fuska, addar ta fice daga hannuna. Kiɗa ya mutu, fitilu suka mutu.

Cikin wannan shirun na ji muryar Lauya daga can nesa: "Uban wa ya kashe wutar?"

Kafin in dawo maza biyu sun yi nutso sun ciro shi. An shimfiɗe shi a kan katako, leɓɓansa sun yi fari, hular na nan a dunƙule a hannunsa. Zoila ta hau kansa tana danna ƙirjinsa tana hura masa iska, tana zagin sa tana kuka. Ni na kasa taɓa shi. Ina tsaye har ya yi wani irin tari ya amayo kogin.

Ya yi kwanaki a asibiti. Kafin a sallame shi Lauya ya kwance jirginsa ya koma wata matsayar, bai zo duba shi ba, kuma ban ji an ce ya sayi sabuwar waya ba. Mai kula da wurinmu ya kafa allo an rubuta an hana wanka. Kifi sun daina mutuwa, agwagwar ma ta dawo.

Baba ne bai dawo yadda yake ba. Yana ci, yana gyaran koma, amma ko bakin jirgi ba ya zama, kuma in na shigo sai ya kawar da kai. Na yi masa bayani, Zoila ta yi, likita ma ya yi, cewa da na bi shi da gawa biyu za a ciro.

Wata la'asar ina zuba masa ruwan bokiti a baya, na kasa daurewa. Na ce, "Baba, ka yi mini magana. Ka san dalilin da ya sa na gudu."

"Na sani, Lina."

"To mene ne?"

Ruwa na gangara daga furfurarsa ya ce, "Kin yi daidai. Da kin shigo da ban yafe miki ba." Ya share fuskarsa da tafin hannu. "Amma ni a lokacin ban san komai ba. Ruwa na rufe mini ido, abu na ƙarshe da na gani ƙeyarki ce tana tafiya. Da na rufe ido ita nake gani."

Na ajiye moɗar. Na zagayo ta gabansa na tsuguna, na jawo bokitin kusa. Tun daga ranar ta gaba nake yi masa wanka, yana kallon fuskata har mu gama.