Haɗin da Aka Binne a Bango

A bakin shagon kayan wuta suka ƙulla maganar. Ciyaman na ƙungiyar masu wayarin yana zaune a kan naɗin waya, Baba Tasta kuwa yana tsaye, don shi tun yana saurayi zama ba ya karɓarsa.

"Abu biyu hukuma ta zo da shi," in ji Ciyaman. "Na farko, kowa sai ya zauna jarrabawa kafin a ba shi lasisi. Na biyu, duk gidan da ka ja wa waya sai ka zana taswirarsa ka bar wa mai gida, ina waya ta bi, ina ka yi haɗi. Jibi za su zo jin ta bakinmu."

"Taswira! Mu da filaya a hannu, yaushe muka koma masu zane?"

"Yauwa, haka nake so ka faɗa a gabansu. Kai in ka buɗe baki ana saurare. Jarrabawa dai ba za ta turu ba, amma an ba ni gurbin tsofaffin hannu goma da za a yafe musu. Ka kashe mini maganar taswira, ni kuma in sa sunanka a sama."

Baba Tasta bai san ko harafi ɗaya ba, kuma Ciyaman ya san da haka. Jarrabawa a wurinsa sallama ce daga sana'a. Ya miƙa hannu suka tafa.

Shekara arba'in yana wannan aiki da tasta, abin gwada wuta, maƙale a bayan kunne, har ta cinye sunansa na yanka. Yana da salonsa. Ba ya barin akwatin haɗi a fili. Sai ya murɗa wayoyin, ya naɗe da salatif, ya tura cikin bango a shafe da siminti. In wuta ta lalace a irin gidan, duk wanda aka kira sai ya gaji da lalube ya ce a nemo Baba. Shi kuma ya zo ya ƙwanƙwasa bango da ƙeyar sukundireba, ya ce, "Fasa nan." A fasa, ga haɗi. Rabin unguwa a cikin kansa take, shi ya sa ba mai iya raba shi da kwastoma. Ciyaman ma haka yake yi, abin da ya sa taswira ta tsaya masa a rai ke nan.

Washegari da hantsi 'yarsa ta kira shi. Tela ce, a gidan mijinta take ɗinki.

"Baba, bangon ɗakin ɗinki yana jan mutum. Tun ruwan shekaranjiya. Na jingina yanzu sai da na yar da almakashi."

Shi ya yi wayarin gidan shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Ya iso ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba, ya kashe wuta daga mita, ya sa surukinsa ya janye keken ɗinki. Ya ƙwanƙwasa sama da makunni.

"Fasa nan."

Surukin direba ne, mai kunya, ya ɗauki guduma da kurfi ya fasa. Bulo ne kawai.

"Ka yi ƙasa da yawa. Matsa dama."

Ya matsa dama. Bulo.

Baba Tasta ya fita tsakar gida, ya dawo, ya tsaya a bakin ƙofa yana auna bangon da ido. Ya cire tastar daga kunne, ya mayar. Ya tuna ranar da ya yi aikin, har rigar da ke jikinsa ya tuna, amma inda ya binne haɗin ya ƙi zuwa. Ya nuna wuri na uku kusa da kusurwa.

Maƙwabcinsu magini ya ji bugun ya leƙo. "Baba Tasta, sannu da aiki. Tagogi ake ƙara wa ɗakin ne?"

"Kai dai je ka kwaɓa siminti, aiki ya same ka."

Rami na uku ma wayam. Ƙura ta rufe yadudduka, 'yar tana kwashe su tana kaɗewa. Surukin ya sunkuyar da kai, ya kasa haɗa ido da shi, wannan kuwa ya fi wa Baba ciwo a kan tsokanar magini.

"Baba, ko ka zauna ka sha ruwa tukuna?" in ji 'yar.

"Ruwa na zo sha?"

Maginin ne ya ce, "Af, ai ƙofar nan ba nan take ba da farko. Ni na matsar da ita bayan ka gama." Sai a lokacin abin ya faɗo masa. Ya karɓi gudumar da kansa ya fasa can ƙasa, dab da inda 'yar take ajiye ƙafa in tana taka keke. Ga haɗin nan. Salatif ya ruɓe, wayar ta yi kore, damshi ya kewaye ta. Ya daɗe a tsugune yana kallonta.

Da ya gyara, ya sa akwati a fili wannan karon, 'yar ta ɗauko takardar da take yankan samfurin riga da tef ɗin awo.

"Faɗa mini inda kowace waya ta bi in zana. Ba zan yarda a sake rushe mini ɗaki ba."

Ya buɗe baki zai yi faɗa, ya fasa. Yana nunawa, tana aunawa, tana ja da fensir. Kafin magini ya gama kwaɓi ta gama. Ta yi biyu, ta cusa masa ɗaya a aljihu.

Ranar taro zauren ya cika, jami'in hukuma yana gaba da littafinsa. Wani ya ce mai gida zai jefar da takardar cikin mako guda. Wani ya ce gara za ta cinye ta. Wani da ake kira Injiniya saboda ya yi makaranta ya ce dokar ta yi daidai, aka yi masa ihu ya zauna. Wani kuma ya tashi ya yi ta surutu a kan jabun waya da ta cika kasuwa, har aka ja masa riga. Baba Tasta yana bayan zaure yana kai da kawowa, hannunsa a aljihu.

"Yanzu mu ji daga babanmu," in ji Ciyaman, yana murmushi.

Ya fito gaba. Maganar da ya shirya tana bakinsa, amma ba ita ta fita ba.

"Jiya na fasa bangon 'yata wuri huɗu."

Ya ci gaba.

"Ni na binne haɗin da hannuna, na neme shi na rasa. Gidajen da na yi wa haka sun fi ɗari biyu. Taswirarsu tana nan," ya dangwali goshinsa, "kuma ta fara gogewa. Ran da aka ɗauke ni, da ita za a tafi." Ya zaro takardar ya ajiye a gaban jami'in. "Tela ce ta zana wannan. In tela ta iya, ku me zai hana ku?"

Hayaniya ta kaure. Jami'in ya yi rubutu, ya ninke takardar ya sa a littafinsa.

A waje Ciyaman ya tare shi. "Baba, haka muka yi da kai?"

"Ba haka muka yi ba."

Ciyaman ya fito da jerin sunayen, ya ja biro a kan layin farko. Baba Tasta bai iya karatu ba, amma ya san yadda ake soke abu.

Bai wuce gida ba. Ya bi layi layi cikin rana yana duban gidajen da ya yi, yana gwada kansa. Wannan ya tuna. Wancan ya tuna rabi. Na kusa da famfo ya tsaya a gabansa har mai gidan ya fito ya tambaye shi ko lafiya.

Dokar ta wuce bayan wata uku, kuma masu sani sun ce ko da bai yi magana ba za ta wuce. Magini ya samu aikin kwana biyu. 'Yar ta samu bango mai lafiya da sabon fenti. Ciyaman ya ba ƙanin matarsa gurbin, don haka bai yi asarar komai ba. Baba Tasta shi ya rasa lasisi, kuma kwastomominsa suna ta zamewa ɗaya bayan ɗaya, domin duk gidan da ya je da 'yarsa suka zana, mai gidan ba ya sake bukatarsa. Har yanzu saura gida tamanin da wani abu da ba su zana ba, kuma kullum shi yake riga ta shiryawa.